Tsadar Rayuwa da Kasafin Kuɗin Ɗalibi a Jami'o'in Tarayya na Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ɗalibin jami'ar gwamnatin tarayya a Arewacin Nijeriya yake sarrafa kuɗin hannunsa tun bayan cire tallafin man fetur a shekarar 2023. Abin da ta tsaya a kansa shi ne saɓanin lokaci tsakanin shigowar kuɗi da fitarsu, domin manyan buƙatun ɗalibi suna zuwa ne a dunƙule a farkon shekarar karatu, kuɗin da zai biya su kuwa a gutsure suke shigowa, kuma a kan abincinsa wannan saɓani yake ƙarewa.

Gabatarwa

Kasafin kuɗi, a ma'anar da ake nufi a nan, shi ne tsarin da mutum yake yi tun kafin kuɗi su shigo hannunsa, ya san nawa yake sa ran samu, ya san abin da zai biya da su, ya kuma san wanda zai fara biya idan ba su isa ba. Tsadar rayuwa kuwa ita ce jimlar abin da mutum zai kashe kafin ya ci, ya kwana, ya je inda za shi ya dawo, a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Yawancin nasihohin da ake yi wa ɗalibai a kan kasafi suna ɗaukar cewa matsalar ta rashin tsari ce, wato da ɗalibi zai riƙa rubuta abin da ya kashe, ya rage kwaɗayi, da kuɗinsa sun kai shi ƙarshen wata. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai an gina ta ne a kan rayuwar ma'aikaci mai albashi, wanda ya san ranar da kuɗi za su shigo da adadinsu. Ɗalibin da yake karatu a Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko Jami'ar Maiduguri, sau da yawa bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba.

Yadda nauyin ya koma kan ɗalibi

Ba haka lamarin ya faro ba. A shekarun 1970 jami'a ce take ciyar da ɗalibi a ɗakin cin abinci bisa farashi mai rangwame, ita take ba shi wurin kwana, kuma a 1977 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini a 1978, daga naira 1.50 zuwa naira 2, ɗalibai a faɗin ƙasa suka fito zanga-zangar da aka fi sani da "Ali Must Go", da sunan kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Abin lura a wannan tarihi shi ne cewa a kan abinci rikicin ya tashi, domin ɗalibai sun fahimci cewa karatu kyauta ba ya amfanar wanda ba shi da abin da zai ci. A 1984 aka janye tallafin ciyarwar gaba ɗaya, daga nan kuma tukunya da risho suka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai.

Har yau a hukumance babu kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Abin da ake biya shi ne kuɗin rajista, wanda ya haɗa kuɗin jarrabawa da na asibiti da na laburare da na wasanni da na katin shaida da makamantansu, kuma kowace jami'a ita take yanke nata. A 2023 jami'o'in tarayya da yawa sun ninka wannan kuɗi, wasu sau biyu, wasu fiye da haka, suna masu kafa hujja da tsadar wutar lantarki da man dizal da kayan aiki. Hujjar ba ta ƙarya ba ce, amma sakamakonta shi ne kuɗin da gwamnati ta gaza ba jami'a, daga aljihun iyaye aka cike shi.

Abin da ya sauya tun 2023

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na karɓar mulki. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce naira 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yuni na 2023 aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, sai duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, har da takarda da tawada da littattafai da waya da kwamfuta. Hauhawar farashi, wato yawan ƙaruwar da farashin kaya ya yi idan aka kwatanta da na bara war haka, ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta kayan abinci kuwa ta zarce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A daga naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, a Janairu 2025 kuma hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da na data.

An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a Yuli 2024, to amma wannan ƙari ya shafi mai albashi ne kawai, kuma mafi yawan iyayen ɗalibai a Arewa manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Akwai kuma wani abu da ya kamata a fahimta game da alƙaluman hukuma. Ana auna hauhawar farashi ne a kan tarin kayan da matsakaicin gida yake saya, ɗalibi kuwa kusan duk kuɗinsa a kan abinci da mota da data da takarda suke ƙarewa, waɗanda da yawansu suna cikin abubuwan da suka fi tashi. Saboda haka tsadar da ɗalibi ya ji a jikinsa ta fi wadda alƙaluma suka nuna.

Kuɗin da ake biya a dunƙule

Buƙatun ɗalibi sun kasu gida biyu, kuma rashin bambance su shi ne babban kuskuren masu ba da shawara. Kashi na farko shi ne wanda ake biya sau ɗaya, gaba ɗaya, cikin ƙayyadadden wa'adi. Kuɗin rajista yana cikinsa, haka kuɗin sashe da na ƙungiyoyin ɗalibai, da kayan aikin da fanni ya wajabta, kamar farar rigar ɗakin gwaji ko kayan zane, sai kuma masauki, wanda ya fi kowanne rikitarwa. Ɗakunan kwanan jami'a sun fi araha nesa ba kusa ba, ga ruwa da wuta da tsaro gwargwadon hali, amma gadajen ba su kai yawan ɗalibai ba, don haka ake rabon su cikin ɗan lokaci, wanda ya makara biyan rajista kuma ya rasa. A nan ne talauci yake ninka kansa, domin ɗalibin da bai samu kuɗin rajista da wuri ba shi ne zai rasa gado mai araha, ya koma neman ɗakin haya mai tsada.

Unguwannin da suke kewaye da jami'o'i, kamar Danbare da Rimin Gata da Rijiyar Zaki a gefen sabon matsugunin Jami'ar Bayero, ko Samaru a Zariya, sun zama kasuwar haya mai ƙa'idojinta. Kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, a ɗora la'adar dillali, wani lokaci har da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Bayan an shiga ɗaki sai karo-karon kuɗin wuta, da sayen ruwa jarka-jarka a wurin 'yan garuwa, da kuɗin 'yan sintiri. A ƙaddara, don misali kawai, ɗaki na naira 120,000 a shekara wanda ɗalibai uku suka haɗu suka kama: kowannensu sai ya kawo naira 40,000 a rana ɗaya, a makon da yake neman kuɗin rajista, ban da katifa da bokiti da tukunyar gas. Mai gida kuma da kalandar shekara yake lissafi, ba ruwansa da kalandar jami'a. Lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, ɗalibai da yawa sun dawo sun tarar hayarsu ta ƙare ko ta kusa, alhali wata takwas ɗakin yana kulle, kuma shekarar karatun da suka biya dominta ba ta ƙare ba.

Arahar ɗaki ma tana iya zama yaudara. Ɗakin da yake nesa da jami'a ya fi sauƙin haya, amma kuɗin a daidaita sahu na zuwa da dawowa, idan aka tara shi na kwanakin zangon karatu, yakan cinye rangwamen har ya wuce. Ɗaliba mace kuwa ba ta da zaɓin da namiji yake da shi, domin ba za ta kama ɗaki a lungun da babu tsaro ba, ba za ta taka da ƙafa bayan magariba don ta rage kuɗin mota ba, ga kuma audugar mata da take saya kowane wata. Kasafin da bai lissafa wannan bambanci ba ya tauye ta tun daga tushe.

Abinci a matsayin abin da ake matsewa

Kashi na biyu shi ne na yau da kullum: abinci, mota, data, sabulu, kwafin takardun darasi, da buga aikin gida. A cikin waɗannan, kusan komai yana da wanda zai tilasta a biya shi. Direba ba zai ɗauki ɗalibi kyauta ba, malami ba zai karɓi aikin da ba a buga ba, rajistar darussa da duba sakamako kuma sai da data. Abinci ne kaɗai babu mai tsare ɗalibi a kansa, don haka duk giɓin da ya taso daga sauran buƙatu a kansa yake faɗawa. Ɗalibai suna da lissafin da suke bayyana wannan hali da shi, inda lamba ɗaya take nufin an ci, sifili kuma ba a ci ba: ɗaya-sifili-ɗaya shi ne kari da abincin dare babu na rana, sifili-ɗaya-sifili kuwa cin abinci sau ɗaya ne a yini.

Wanda ya duba kayan da ɗalibi yake sauka da su a farkon zango zai ga tsarin da iyaye mata suka daɗe da ganewa. Akwai ƙaramin buhu mai kwano biyar ko shida na shinkafa, da wake, da garin kwaki, da taliya, da galan na manja ko man gyaɗa, da dakakken yaji a gwangwani, da ƙuli-ƙuli, da busasshiyar kuɓewa da kuka, wani lokaci da ɗan dambun nama da aka ƙulle a leda. A makonnin farko ana dafa shinkafa da miya. Tsakiyar zango sai a koma garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji. Idan zango ya yi nisa, mai ya ƙare, gas ya ƙare, sai garin kwaki da ruwa da sukari, in an samu ƙuli-ƙuli a marmasa a ciki. Abin damuwa a nan shi ne wannan mataki na ƙarshe yana dacewa da lokacin jarrabawa, lokacin da ɗalibi yake kwana karatu, lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fi buƙatar abinci mai gina jiki, kuma lokacin da kuɗin kwafi ya fi yawa. Idan aka ga sakamakon ɗalibi mai hazaƙa ya faɗi, ba kasafai ake tambayar abin da ya ci a makon jarrabawa ba, ga shi kuwa tambaya ce da ta dace malamai da masu ba ɗalibai shawara su riƙa yi.

Inda kuɗin suke fitowa

Kowane gida da lokacin samunsa. Ma'aikacin gwamnati yana turo kuɗi ƙarshen wata idan albashi bai makara ba. Manomi da kaka yake da kuɗi, da bazara da damina kuwa hannunsa a gona yake, kuma yajin aikin da aka yi a 2020 da 2022 ya hargitsa kalandar jami'o'i ta yadda rajista takan faɗo a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sai a sayar da akuya ko hatsin ci. Ɗan kasuwa kullum yana samu, amma cire naira dubu ɗari a dunƙule daga jari ba ƙaramin abu ba ne. Tallafin karatu na jihohi yana taimakawa, sai dai ba a san ranar zuwansa ba, don haka ba a iya gina kasafi a kansa. Gwamnatin Jihar Kano ta biya wa dubban 'yan asalin jihar kuɗin rajista a Jami'ar Bayero a 2023, kuma wannan ya ceto karatun mutane da yawa, amma taimako ne da ya dogara ga shawarar gwamnatin da take kan mulki.

Ɗalibai da yawa suna haɗa karatu da sana'a, kamar aski, ɗinki, kitso, lalle, sayar da data, gyaran waya, zama a rumfar POS, ko koyar da yara darasin yamma. Wannan abin yabo ne, amma yana da farashin da ba a gani, domin sa'o'in da aka ba sana'a daga karatu aka cire su, kuma mai karatun likitanci ko injiniyanci ba shi da irin waɗannan sa'o'i. Akwai kuma hanyoyi biyu masu haɗari da waya ta kawo har cikin ɗakin kwana: manhajojin ba da rance masu ruwa mai yawa, waɗanda wasunsu suke tozarta mai bashi a wurin mutanen da ke cikin wayarsa, da manhajojin cacar ƙwallo. Duka biyun a makon da abinci ya ƙare suka fi samun ɗalibi.

Babban sabon abu a wannan fage shi ne Asusun Ba da Rancen Karatu na Nijeriya, wato NELFUND. Dokar farko ta Yuni 2023 ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da kawo masu tsaya wa ɗalibi da kuma iyakance samun gidansu, sai aka soke ta aka sa hannu a kan sabuwa a Afrilu 2024, aka buɗe shafin nema a Mayu 2024. Rancen ba shi da ruwa, abin da ya kawar da babban shakku a zukatan Musulmi. Kuɗin rajista kai tsaye ake tura wa makaranta, ɗalibi kuma a ba shi naira 20,000 a wata na ɗawainiya, biya kuwa yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum yake samu. Wannan tsari ya taɓa ainihin ciwon, domin ya ɗauke mafi girman kuɗin da ake biya a dunƙule. Sai dai naira 20,000 idan aka raba ta kwana 30 ba ta kai naira 700 a yini ba, kuma babu tanadin da zai sa ta riƙa tashi tare da farashi. Haya ba ta da kaso na musamman a cikinsa, kuma an samu lokutan da kuɗin suka isa makaranta bayan ɗalibi ya riga ya ciwo bashi ya biya, ya koma jiran a mayar masa.

Kasafin da ya dace da wannan hali

Ƙa'idar da ta fi yawo a intanet ita ce ta 50/30/20, wadda Elizabeth Warren da 'yarta suka yaɗa a Amurka a 2005: rabin abin da aka samu a kan larura, kashi 30 a kan abin sha'awa, kashi 20 a ajiye. An yi ta ne domin mai albashin da ya wuce larurarsa, ɗalibin da ake magana a kansa kuwa larura kaɗai ta cinye kashi ɗari. Abin da ya fi dacewa da shi ya fara ne da raba asusu biyu tun a gida, tare da iyaye. Asusun farko na rajista da haya ne, kuma ana tara shi ne tsawon shekara, ko ta adashi, wato zubin da mutane suke yi kowa ya kwasa bi da bi, a roƙi uwar adashi ta sa kwasar ta dace da buɗe makaranta, ko ta ware hatsi da kaka a ajiye da sunan karatun ɗan. Wannan asusu ba a taɓa shi don buƙatar yau da kullum.

Asusu na biyu kuwa ya fi kyau a lissafa shi da kwano da mako maimakon naira da wata. A lokacin hauhawar farashi, naira dubu goma da aka ajiye a farkon zango ba za ta sayi abin da za ta saya a yau ba idan aka kai ƙarshensa, kwanon wake kuwa yana nan kwanon wake. Saboda haka ɗalibin da kuɗi suka shigo masa, mafi alherin abin da zai yi shi ne ya mayar da kason abinci hatsi nan take, ya ƙirga makonnin zango har da na jarrabawa, ya raba, ya kuma ware na makonni uku na ƙarshe tun ranar farko, da ɗan mai da kuɗin cika gas, ya ɗaure. Girkin haɗaka tsakanin mutum uku ko huɗu yana rage kuɗin gas ƙwarai, yana kuma ba da damar saye da yawa a kasuwa maimakon awon gwangwani a shagon unguwa, amma yana buƙatar a yi magana a fili tun farko a kan abin da kowa zai kawo, domin kunya ce take rusa irin wannan haɗaka. Kuɗin motar komawa gida ma a cire shi tun farkon zango. Haka nan ya kamata a sa kason taimakon abokai a cikin lissafi, komai ƙanƙantarsa, domin a ɗakin kwanan ɗalibai wanda ya ciyar yau shi za a ciyar gobe, kuma wannan zumunci shi ne madogarar da ta fi kowace tabbas ga mafi yawansu.

Duk wannan dabara tana da iyaka, kuma abin da ya rage a hannun hukumomi yake. Jami'a tana iya sanar da kuɗin rajista watanni kafin buɗewa, ta yarda a biya shi kashi biyu ko uku, ta kuma raba rabon gado da saurin biya, ta ware kaso ga waɗanda aka tabbatar da buƙatarsu. NELFUND tana iya daidaita lokacin turo kuɗi da wa'adin rajistar kowace makaranta, ta riƙa sake duba naira 20,000 ɗin duk shekara bisa farashin abinci. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara, da attajirai masu neman sadaka mai gudana, suna da fili a gina ɗakunan kwanan ɗalibai na waƙafi kusa da jami'o'i, musamman na mata, da kuma ɗaukar nauyin abinci sau ɗaya a yini a makonnin jarrabawa, wanda kuɗinsa bai kai na ciyarwar shekara ba, kuma ana iya farawa da tsangaya ɗaya a zango ɗaya a ga abin da zai haifar a sakamakon ɗalibai.